Algaita Mai Salka a Hannun Ƴan Sanda: Labarin Masu Busar Birnin Gilasgo

 

Bikin cikar sarauta shekara ɗari biki ne da kunne ke ƙoshi kafin ciki. Kakaki da algaita da tambari su ne ke fara sanar da gari cewa ranar ta zo, su ne kuma ke sallamar baƙo na ƙarshe. Kowa ya yarda fada ba ta cika sai da makaɗa, amma ba kowa ke tambayar wane ne ke ci da makaɗi a ranakun da babu biki ba. Jawabin nan zai ɗauko labari daga nesa, daga ƙasar Sikotlan da ke arewacin Birtaniya, inda busar fadar sarakunan gargajiya ta rasa iyayen gidanta, ta yi ta yawo, har ta sami masauki a wurin da ba wanda ya yi zato, wato ofishin ƴan sanda.

Sai an fara da abin busar kansa, domin wanda bai taɓa ganinsa ba zai yi mamakin sifarsa. Ƴar'uwar algaita ce, gama bututun da ake taɓawa da yatsu yana da ɗan kara mai harshe biyu a bakinsa, kamar dai na algaita, kuma muryarsa tana da irin kaifin nan mai ratsa kasuwa. Bambancin yana wajen numfashi. Mai algaita yakan kumbura kumatunsa ya ajiye iska a ciki, yana shaƙa ta hanci ba tare da sautin ya yanke ba. Mutanen Sikotlan sai suka ɗora wa salka wannan wahala. Mai busa yana hura iska cikin wata jakar fatar tunkiya da ya matse a hammatarsa ta hagu, wani ɗan marfi yana hana iskar komowa baki, damtsensa kuma yana matsa jakar a hankali. Daga jikin jakar bututu uku suke miƙewa bisa kafaɗa, biyu gajeru ɗaya dogo, ba su da aiki sai gunji guda mara canzawa. Na huɗu, mai huji takwas, shi ke fitar da waƙa, kuma muryoyinsa tara ne tak. Ba a iya sassauta shi, ba a iya yi masa shiru a tsakiyar waƙa, don haka duk gwanintar tana cikin yatsu, waɗanda ke yanka sauti da wasu ƙananan taɓe-taɓe masu saurin ƙiftawar ido. Wani abin lura shi ne, mafi yawan bututun nan na kirki da wani baƙin itacen Afirka ake sassaƙa su, wanda ake sarowa a Tanzaniya da Mozambik.

A ƙasar tuddai ta arewacin Sikotlan da tsibiranta, inda ake magana da harshen Gelik, mutane sun rayu dangi-dangi, kowane dangi da sarkinsa, kowane babban sarki kuma da mai busarsa. Sana'ar gado ce. Gidan da ya fi suna shi ne na MacCrimmon, waɗanda suka yi wa sarakunan MacLeod na tsibirin Skye busa uba da ɗa da jika. Sarki yakan ba su gona su ci, su kuwa su riƙe masa taken gidansa, da na kiran dangi zuwa yaƙi, da na tarbar baƙo, da na makokin wanda ya rasu. Ba a takarda suke koyar da almajiri ba: malami yakan rera busar da baki, kowane taɓin yatsa da kalmarsa, yaro ya hardace kafin ya ɗauki kayan. Wanda ya taɓa zama kusa da sarkin makaɗa yana koya wa ɗansa take da baka ba ya bukatar ƙarin bayani a nan.

Wannan zama ya rushe bayan yaƙin Culloden na ranar 16 ga Afrilu 1746, inda rundunar gwamnatin Landan ta murƙushe dangogin da suka goyi bayan gidan Stuart mai neman komawa gadon sarauta. Dokoki suka biyo baya. Aka karɓe makamai, aka hana mazan tudu ɗaura zanensu na ulu mai gida-gida kamar saƙi, hanin da bai tashi ba sai 1782, sa'an nan aka ƙwace wa sarakuna ikon shari'a da suka gada. Ana yawan cewa har busar aka haramta, amma dokar ba ta ambace ta ba. Abin da ya tabbata shi ne an rataye wani mai busa, James Reid, a birnin York a 1746, bayan kotu ta ƙi karɓar hanzarinsa na cewa bai ɗauki makami ba, tana ganin abin busar ma kayan yaƙi ne. Abin da ya raunana sana'ar ya fi doka sauƙin faɗi: sarakunan sun rikiɗe sun zama masu gonakin haya, da yawansu suka kori talakawansu daga kwaruruka domin su zuba tumaki, kuma wanda ya kori manomi ba zai ajiye mabushi ba.

Soja ne ya fara ɗaukar maraya. Rundunonin da Birtaniya ta ɗiba daga ƙasar tuddai sun tafi da masu busarsu duk inda aka tura su, kuma a 1854 hukumar soja ta amince da su a rubuce, da albashinsu. A barikin soja ne aka haɗa busar da ganguna, abin da a da na mutum ɗaya ne a ƙofar sarki ya zama na ƙungiya mai tafiya a jere. A can sama kuma Sarauniya Biktoriya ta naɗa wa kanta mai busa tun 1843.

Talakawan da aka kora, da waɗanda yunwar dankali ta 1846 ta tayar, wasu sun haye teku zuwa Kanada da Ostireliya, wasu kuma sun gangaro kudu zuwa Gilasgo, birnin masana'antu da ke bakin kogin Clyde. Har yau akwai wata gadar jirgin ƙasa a tsakiyar birnin da ake kira laimar mutumin tudu, domin a ƙarƙashinta ƴan ci-ranin nan suke fakewa daga ruwan sama su ji labarin gida da harshensu. Samarinsu dogaye ne, masu ƙarfi, ba su da dangi a cikin masu laifin gari, saboda haka hukumar ƴan sanda ta riƙa ɗaukarsu da hannu biyu. Rundunar Gilasgo kuwa tsohuwa ce, an kafa ta da doka tun 1800, shekara 29 kafin ta Landan. Da yawa daga cikin samarin nan sun zo da abin busarsu a ƙasan akwati.

A ƙetaren kogin akwai Govan, wanda a lokacin gari ne mai cin gashin kansa, da majalisarsa da ƴan sandansa. Ya sami wannan matsayi a 1864 yana da mutum kimanin dubu 9, maƙerun jiragen ruwa suka cika shi har ya haura dubu 90 cikin ƙasa da shekara hamsin. Gari ne na ƙarfe da hayaƙi da ɗakunan haya masu cunkoso, inda daren ranar biyan albashi ba ya wucewa ba a fasa kan wani ba. A nan ne, a 1883, ƴan sandan garin suka kafa ƙungiyar busa, William Bremner ya zama sarkin busarta na farko. Tana cikin ƙungiyoyin farko a Birtaniya da ba na soja ba. Ba baitulmali ya ɗauki nauyinta duka ba, wasanni take shiryawa jama'a su biya su shiga, da kuɗin a sayi kaya da tufafi. A 1912 Gilasgo ta haɗiye Govan, ƴan sandan suka koma ƙarƙashin babban birni, ƙungiyar ta ɗauki sunan Gilasgo. Shekara guda bayan haka William Gray ya karɓi ragamarta, kuma a 1920 ta ci gasar duniya karo na farko.

Yana da kyau a tsaya kan wannan shekara, domin ta kusa da wata. Ranar 31 ga Janairu 1919, a dandalin George da ke gaban ma'aikatar magajin garin Gilasgo, ƴan sanda sun auka wa dubban ma'aikata masu yajin neman rage awoyin aiki da kulake, aka yi jina-jina, har gwamnati ta turo soja da tankokin yaƙi. Rundunar da ta ɗaga kulki a 1919 ita ce ta ɗaga kofi a 1920, kuma mutanen da suka tafa mata a filin wasa, ba mamaki akwai masu tabo a ka. Kada a ɗauka busa ta wanke kulki. Abin da ta yi ya fi haka ƙanƙanta, amma ba abin rainawa ba ne: ta samar da wasu ranaku a shekara waɗanda talaka ke ganin ɗan sanda ba don an yi laifi ba. A lambunan shaƙatawa na gari, a bukukuwan unguwanni, a taron tara wa asibiti ko marayu kuɗi, yaron da ya saba gudu in ya hango baƙar hula shi ne ke bin ƴan busa a baya yana kwaikwayon takunsu. Ranar tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi, cikin watan Nuwamba, busar ce ke gaba. In kuma ɗan sanda ya mutu a bakin aiki, mutum ɗaya ke tsayawa a maƙabarta ya busa taken makoki, irin wanda kakanninsa ke busa wa sarakuna, sai ga ɗan talaka ya sami rakiyar da a da sai mai sarauta.

Ita ma hular tana da labari. Percy Sillitoe, wanda ya shugabanci ƴan sandan Gilasgo daga 1931 zuwa 1943, ya yi suna wajen karya gungun ƴan daba masu yawo da aska. Shi ne a 1932 ya sa aka kewaye hular ƴan sanda da ƙyalle mai gida-gida baƙi da fari, wanda aka aro daga hulunan sojojin Sikotlan, domin a bambanta ɗan sanda da sauran masu baƙar hula. Alamar ta bazu zuwa sauran Birtaniya da Ostireliya har da birnin Shikago na Amurka.

A zamanin Sillitoe ne, a 1932, John MacDonald ya zama sarkin busa. Mutumin tsibirin South Uist ne, ɗaya daga cikin tsibiran yamma masu magana da Gelik, wato irin ɗan ci-ranin da aka ambata ɗazu. A hannunsa ƙungiyar ta ci gasar duniya a 1936, 1937, 1938 da 1939. Yaƙin duniya na biyu ya tsayar da gasar, da aka komo a 1946 ta sake ci, sa'an nan a 1949 da 1951. Gasar kanta ta faro ne a 1906 a taron wasannin Cowal, a garin Dunoon, kafin ƙungiyar masu busa ta ƙasa ta karɓe ta a 1947.

Ga yadda ake yin ta. Ƙungiya takan shigo fili a jere, masu ganga su yi birgimar sanda sau biyu, sai dukan salkuna su tashi a bugu ɗaya. Wanda bututunsa ya riga na sauran fitar da sauti, ko ya makara, ya jawo wa kowa asara. Sukan yi da'ira suna fuskantar juna, alƙalai suna zagayawa a bayansu da takarda, wasu suna sauraren busa, wani ganga, wani kuma yadda biyun suka haɗu. Abin da ake nema shi ne mutum goma sha biyu ko ashirin su ji kamar mutum ɗaya. Wahalar ita ce ɗan karan nan ba ya da alkawari: rana ta fito ya hau, girgije ya rufe ya sauka, danshin numfashi ya canza shi. A ƙasar da ruwa da rana ke musanya sau uku kafin azahar, daidaita bututu sittin ko fiye aiki ne na mai kunnen gaske.

A nan ne amfanin aikin ɗan sanda ya fito fili. Abokan hamayyarsu mafi zafi ƙungiyoyin ƙauyukan haƙar kwal ne, irin su Bowhill wadda ta ci gasar 1947, da Shotts wadda aka kafa a 1910. Leburan rami yakan fito daga ƙarƙashin ƙasa a gajiye sa'an nan ya je koyon busa da dare, kuma sau da yawa ƴan kuɗin da ake cira daga albashin ma'aikata kowane mako ne ke riƙe da ƙungiyar. Ɗan sanda kuwa yana da albashi tabbatacce da fansho, hukuma kuma tana tsara masa lokutan aiki yadda zai samu ya yi gwaji tare da ƴan'uwansa. Gwanin busa da ya gama aikin soja, in yana son ya ci gaba da sana'arsa ba tare da yunwa ba, ƙofar da ya fi bugawa ita ce ta ƴan sanda. Gonar da sarkin MacLeod ke bai wa gidan MacCrimmon, ita ce ta komo da sifar takardar albashi. Amma ba kyauta ba ce, domin mutanen nan ƴan sanda ne na sosai, masu sintiri da kama ɓarawo da tsayawa gaban alƙali ba da shaida.

Zamanin da ya fi kowane haske shi ne na Ian McLellan, tsohon soja, wanda ya karɓi ƙungiyar a 1972. A 1975 aka haɗe rundunar Gilasgo da na kewayenta aka kira su Strathclyde, ƙungiyar ta sake suna karo na biyu. Ta ci gasar duniya a 1976 da 1979, sa'an nan sau shida a jere daga 1981 zuwa 1986. A 1987 wata ƙungiya daga Kanada ta katse mata hanzari, karo na farko ke nan da kambun ya bar Sikotlan, amma ta komo ta ci huɗu a jere daga 1988 zuwa 1991. Sau 12 ke nan a hannun mutum ɗaya, jimilla sau 20 tun daga 1920. Masana busa sun fi yabon McLellan a kan kunnensa: ba ya neman waƙa mai wuya don burgewa, tsabtar sauti yake nema, ya kuwa same ta.

A tsakiyar waɗannan shekaru na nasara ne aka yi babban yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985, inda ƴan sanda da leburori suka yi ta arangama a ƙofofin ma'aikatu. A filin gasa kuwa, ƙungiyar ƴan sanda da ta mahaƙar Polkemmet suna tsaye kusa da juna suna daidaita bututu, alƙali ɗaya ke sauraren su. Mahaƙar Polkemmet ba ta sake buɗewa ba bayan yajin, sauran ma suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, ƙungiyoyin busarsu suka shiga neman wanda zai riƙe su.

Al'adar ta ƙetare teku tun da wuri. Ƴan sandan Bankuba a Kanada sun kafa tasu a 1914, na birnin Niyok a 1960, kuma su ne suka yi ta raka gawawwakin abokan aikinsu bayan harin 11 ga Satumba 2001, wanda ya ci ƴan sandan birnin 23. Ta jihar Biktoriya a Ostireliya ta ci gasar duniya a 1998.

Bayan McLellan ya sauka a 1992 ƙungiyar Strathclyde ta ci gaba da zama cikin manya, amma ba ta sake ɗaukar kambun ba. Abin da ya fi wannan nauyi ya zo a 2009, lokacin da shugabannin rundunar suka taƙaita lokacin da ake ba ma'aikata domin busa, suka rage tarukan da za ta halarta. Hujjarsu ba ta banza ba ce, kuma ya kamata a faɗe ta da adalci: kuɗin jama'a ne, gari yana fama da masu sukar mutane da wuƙa, mai biyan haraji yana son ya ga ɗan sanda a kan titi. Masu kare ƙungiyar suka amsa cewa awa guda ta busa a farfajiyar makaranta tana saya wa hukuma yardar da sintirin wata guda ba ya sayowa. Matsalar ita ce ana iya ƙidaya ɓarayin da aka kama a rubuta a rahoton shekara, yarda kuwa ba ta da gurbi a takardar lissafi. Ƙorafi ya taso daga masu busa na ƙasashe da dama, jaridu suka ɗauka, ƙungiyar ta tsira, sai dai sannu a hankali farar hula suka yi yawa a cikinta. Takwararta ta birnin Edimbara, wadda ita ma ta ci gasar duniya sau da dama, ta watse a 2012. Ranar 1 ga Afrilu 2013 aka narkar da rundunoni takwas na Sikotlan suka zama ɗaya, sunan Strathclyde ya bi na Govan.

Busar ba ta mutu ba, ubangida ta sake. Daga sarki ta koma hannun soja, daga soja zuwa ɗan sanda da leburan kwal, daga nan kuma makarantu suka ɗauka, inda ake koya wa yara maza da mata tun suna ƙanana. Tun 1986 ake yin gasar duniya a Gilasgo cikin watan Agusta, daga baya ta zauna a babban filin Glasgow Green, bakin kogin Clyde, kuma daga 1999 zuwa 2024 babu ƙungiyar ƴan sandan da ta ci babban rukuni. A 2017 kambun ya tafi Inveraray, wani ɗan ƙaramin gari da ke gindin fadar sarkin dangin Campbell. Ƙungiyar garin da yaran makaranta aka fara ta a farkon shekarun 2000, kuma wanda ya tara su, Stuart Liddell, jikan mutumin da ya taɓa yi wa mai wannan fada busa ne.